Ku Tambaya, Mu Amsa: Cin Abinci a Kan Dandamali

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan sana'ar mai wasa a gaban jama'a, wanda a tsayuwa ɗaya zai yi barkwanci, ya rera waƙa, ya kwaikwayi murya, wani ma ya haɗa da siddabaru ko alkafura. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Shekara biyu ke nan ina barkwanci da kwaikwayon murya a wuraren biki ranakun Asabar da Lahadi, kuma ana yabawa. Ina so in ajiye koyarwa in rungumi wasa gaba ɗaya. Me kuka gani?

Amsa: Malam, kada ka saki reshe ka kama ganye. Tafin 'yan biki ba ya auna maka komai, lissafi ne ke aunawa. Ka sayi littafi ka rubuta duk wasan da ka yi har wata 12: rana, gari, irin taron, nawa aka yi ciniki, nawa ya shigo hannu, nawa ya tafi a kuɗin mota, abinci, wanki da guga, da hayar kayan sauti. Abin da ya rage shi ne samunka.

Mun ce wata 12 ne saboda sana'ar nan tana da kakarta, tana da bazararta. A Rajab da Sha'aban ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, har ka rasa wanda za ka amsa wa. Da an ga watan Ramadan kasuwa ta tashi, kwana 29 ko 30 ba dina ba kamu. Ta dawo da ƙarfi a makon ƙaramar Salla da sauran Shawwal, haka kuma bayan babbar Salla. A karkara sai amfanin gona ya zo gida ake buɗe hannu. A tsakiyar damina kuwa hadari ɗaya ya isa ya watsa taron fili, mai biki kuma ba ya son biyan wasan da ba a yi ba. Tunda shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, lokutan nan suna zamewa kowace shekara, sai ka riƙa duba kalanda biyu tare. Kuɗin yaƙin neman zaɓe kada ka sa su a lissafi sam. Suna zuba kamar ba za su ƙare ba, da an rantsar da gwamnati waya ta yi shiru.

Ka jera watannin daga wanda ya fi samu zuwa wanda ya fi tsiya, ka dubi na shida da na bakwai. In su biyun kowanne ya ɗauke cefane, haya da kuɗin makarantar yara, kuma kana da ajiyar wata shida a gefe, to ka fara tunanin ajiye alli. In ba haka ba, riƙe biyun.

Sannan barkwanci da kwaikwayo kaɗai ba sa cika mako. Ka ƙara da gabatar da taro, aikin emsi, domin shi ake nema har a inda ba a son kiɗa, kamar walima da bikin yaye ɗalibai. Ka nemi tallan rediyo. Litinin zuwa Alhamis ba hutu ba ne: awa biyu na bita, awa ɗaya na rubuta sabon abu, sauran na neman aiki da bin bashi. Ka kuma san dokar inda za ka yi wasa. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, ga kuma Hisba, kuma abin da aka bari a wata jiha ana hana shi a wata. Tambaya kafin ka hau mota.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubutowa. In aka ba ni minti 20 a dina, dariyar takan ƙare tun a minti biyar na farko, sauran lokacin in yi ta kame-kame. Yaya ake jera wasa?

Amsa: Ɗan'uwa, alama ta nuna kana zazzage buhunka duka a bakin ƙofa. Ka yanka wasanka gunduwa-gunduwa, kowace gaɓa minti biyu zuwa huɗu, ka ba ta suna na kalma ɗaya. Minti 20 gaɓa shida ce ko bakwai. Wadda ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta ƙarshe, mai bi mata a ƙarfi ita ce ta farko. Sunayen ka rubuta su a kati ɗan ƙarami, ka sa a aljihun gaba.

Sallama da gaisuwa ba a tsallake su a ƙasar Hausa, amma kada su wuce minti ɗaya. Tun kafin ka hau, ka karɓi sunayen iyayen biki da sarautun manyan baƙi a rubuce, a jere bisa girma. Kiran Wakili da sunan Madawaki, ko fara gaida ƙarami kafin babba, yana daskarar da teburin gaba, kuma in teburin gaba ya ɗaure fuska, na baya ba sa sakewa. Da ka gama gaisuwa, dariyar farko ta zo cikin daƙiƙa 30. Mafi sauƙin samunta shi ne a abin da kowa ke gani a ɗakin: zafi, fankar da ta tsaya, ƙamshin abincin da har yanzu ba a raba ba.

Daga nan sai ka riƙa sauya wa mutane ɗanɗano. Magana ta bi magana har sau uku, kunne ya gaji. Bayan gaɓar magana kawo waƙa, bayan waƙa kawo abin da ido zai kalla, sannan ka ɗauko mutum ɗaya daga cikin taro. Ka zaɓe shi tun kana gaisuwa: wanda ke murmushi, abokansa na kewaye da shi. Kada ka ɗauko dattijo, kada ka ɗauko wanda ya sunkuyar da kai. Sabon abin da ba ka taɓa gwadawa ba, wurinsa tsakiya, tsakanin gaɓa biyu da ka amince da su, kuma kada ya wuce minti uku.

Kuskuren da ya fi yawa yana cikin ginin jimla. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce za ta zo ƙarshe, kana faɗinta ka kama bakinka. Da yawa sukan faɗe ta a tsakiya, su ci gaba da surutu, jama'a su haɗiye dariyarsu don su ji sauran. Ka bar dariyar ta hau, ta fara sauka, sannan ka shigo. Kada ka jira ta mutu sarai.

Akwai darasi wurin 'yan kama. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar da kowa ya haddace, ya bar karinta yadda yake, ya cire kalmominta ya zuba tuwo da miya da nama. Dariyar tana fitowa ne daga sanin asalin waƙar. Don haka in za ka juya waƙa, sai wadda kusan kowa a ɗakin ya sani, kuma kada ka taɓa karin. Kwaikwayon mutum ma haka ne. Ba sai muryar ta yi daidai sak ba. Nemo abu uku: kalmar da yake yawan maimaitawa, inda yake tsayawa ya ja numfashi, da abin da yake yi da hannunsa.

Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, dukiya ce ga mai barkwanci, amma ta masu ita ce. In kana cikin masu wasan, yi, ka kuma bar wa abokin wasan ƙofar ramawa. In ba ka ciki, daga bakinka zagi ne. Addini, naƙasa da rashin haihuwa ba a taɓa su. Ka tambayi uwar biki tun da wuri ko amaryar nan tana da abokiyar zama, ko akwai rasuwa ta kusa a dangi, don kada ka taka ciwo ba ka sani ba.

Abu biyu kuma. Kada ka yarda a sa ka lokacin da ake rabon abinci, ba mai wasan da ke kayar da faranti. Ko kafin a fara, ko bayan an kwashe. Sannan ka shirya gajeren zubi na minti 10, domin biki kan makara, kuma lokacinka ne ake fara yankewa. Kowane wasa ka ɗauki sautinsa a waya, washegari ka saurara kana ƙirga dariya. Gaɓar da ta faɗi a gaban taro uku daban-daban, ko ka rage mata rabi ko ka jefar.

Tambaya: Mu biyar ne a ƙungiyarmu a Bauci. Kullum rigima biyu: masu biki su riƙe cikon kuɗi, mu kuma mu saɓa a kan rabo.

Amsa: 'Yan'uwa, rigimar biyu duk maganinsu rubutu ne. Ko saƙon WhatsApp ne, ya ƙunshi rana, wuri, lokacin farawa, tsawon wasa, kuɗi, wanda zai kawo kayan sauti, wanda zai biya mota da masauki, na wane ne liƙi, da abin da zai faru in aka fasa ko aka ɗaga. Mai biki ya amsa da "na yarda". Kafin alƙalami rabi ne, kuma ba a riƙe wa kowa rana sai ya shigo. Cikon a karɓa kafin a hau dandamali. Ba don masu biki macuta ne ba. Ƙarshen biki aljihu ya bushe, mai abinci da mai rumfa da mai hoto duk suna tsaye, wanda ya riga ya gama aikinsa shi ake ce wa ya dawo jibi. Taron siyasa kuwa, duka a hannu tun daga gida.

Rabo a yanke shi tun ba kuɗi a ƙasa. A ce an yi ciniki naira 200,000. Mota ta ci 30,000, sauti 40,000, abinci 10,000, saura 120,000. A cire kashi ɗaya cikin goma, 12,000, a zuba a asusun ƙungiya don gyaran kaya da rashin lafiya. Saura 108,000 a raba da kaso: jagora uku, makaɗi biyu, mai siddabaru biyu, 'yan amshi biyu kowa ɗaya. Kaso tara ke nan, kowanne 12,000. Kuna iya canza yawan kason, abin da ba a canzawa shi ne a ƙirga a gaban kowa, a daren, kafin a watse.

Game da liƙi ku yi hattara. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan hukumar EFCC mai yaƙi da laifukan kuɗi ta gurfanar da mutane a kansa. Ku ajiye ƙwarya ko faranti a gaban dandamali, jagora ya sanar cikin raha cewa nan ake zubawa, ku kuma rubuta lambar asusu a allo don masu turawa ta waya.

Tambaya: Me ke sa makirufo ya riƙa ƙara mai kashe kunne ana tsakar wasa? Mai sauti kullum cewa yake laifina ne. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wani lokacin da gaskiyarsa. Ƙarar tana tashi ne in makirufo ya ji sautin da ke fita daga sifika, ya sake mayar da shi ciki, abin ya yi ta zagayawa. Sifikoki su kasance gaba da kai, suna fuskantar jama'a, a ɗage bisa ƙafa sama da kawunan mutane. In ka sauko cikin taro, kada ka gifta gabansu da makirufo a buɗe. Ka riƙe shi a gindi, tazarar yatsa biyu daga leɓe. Dunƙule kansa da tafin hannu, yadda matasa ke yi, yana toshe ramukan da ke hana shi jin sautin gefe da na baya, shi ya sa yake ihu. Makirufon da ba a amfani da shi a kashe, domin kowane ƙarin buɗaɗɗe yana matso da ƙarar kusa.

Nasa laifin kuma shi ne eko, wato amsa-kuwwar da na'ura ke ƙara wa murya. Masu sautin biki suna son sa don yana yi wa waƙa ado, amma a barkwanci yana cinye kalmar ƙarshe, wadda ita ce dukiyarka. Ka roƙe shi ya sauke shi ƙasa duk lokacin da kake magana.

Ka iso awa ɗaya da rabi kafin lokaci. A fara tada janareto, a duba mai, a bar shi ya daidaita, a kunna miksa mai haɗa sautuka, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko. Kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da firji ko na'urar sanyaya ɗaki. Makirufo marar waya a sa masa sabon batir kowane wasa, wani kuma a aljihu, sannan ka ajiye mai waya a jaka da igiya mita 10. Kiɗanka ya kasance a wuri biyu, filashi da waya, wayar kuma a rufe layinta don kada kira ya shigo ta sifika. Ɗaki in ya cika, jikin mutane yana shanye sauti, sai ku yi alama da mai sautin ta ƙarawa da ragewa.

Tambaya: Ina gabatar da kamu da wunin mata a Kaduna, ina haɗawa da waƙa da raha. Da hunturu muryata kan dushe har kwana huɗu. Wata ta ce in sha maganin tari, wata ta ce akwai allurar buɗe murya.

Amsa: Hajiya, don Allah ki bar shawarar nan duka biyu. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018, ba ya gyara murya, jaraba yake sawa. Allurar da ake faɗa kuwa takan sace kumburi na ɗan lokaci, ki yi ta aiki a kan rauni ba ki ji ba. Ba a yin ta sai likita ya duba maƙogwaro ya ce a yi.

Murya tana fita ne daga tantani biyu ƙanana a maƙogwaro, masu son laima. Hunturu yana busar da su, ƙura ta fusata su, ke kuma ki ɗaga murya sama da kiɗa da guɗa. Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun safe, kamar lita biyu a wuni. Wanda kika sha daf da hawa bai isa ya kai inda ake so ba. Safe da dare ki yi sirace da ruwan zafi zalla na minti 10. Kafin aiki ki ɗauki minti 10 kina gunji a hankali baki rufe, daga ƙasa zuwa sama. A hanya ki rufe hanci da baki. Zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, ba laifi, amma alewa mai sanyin nan ɓoye zafi kawai take yi.

In ta dushe, shiru ne magani. Raɗa tana wahalar da murya, yawan gyaran murya da kaki ma haka. Kada ki ci abinci mai yaji da maiƙo ki kwanta nan take bayan biki, tsamin ciki yakan hau ya ƙona maƙogwaro cikin dare. Ki bar awa uku tsakani. A wurin aiki ki bar makirufo ya yi miki ihun, ki sa a rage kiɗa in za ki yi magana. Dushewar da ta wuce mako uku, ko ta zo da jini ko wuyar haɗiya, ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, kada a jinkirta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 ya shiga masu alkafura, yanzu kuma na ji yana koyon busa wuta da baki daga bidiyon waya. Hankalina ya tashi. Uba daga Zariya.

Amsa: Baba, tashin hankalinka a kan hanya yake, amma a raba abu biyun. Wasan jiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Ga 'yan hoto masu cilla garma sama, ga 'yan koroso na Kano, kuma dukansu a hannun ubangida ake koya. Je ka ga wanda ke koya masa ido da ido. A tabbata ana ɗumama jiki minti 15 kafin tsalle, ana koyon sabon juyi a kan yashi ko katifa da mai tarewa a gefe, ana kuma duba wuri kafin wasa: tayil mai santsi, ruwan da ya zube, kafet mai zamewa, katako mai ƙusa, fankar sama. Wuyan hannu, idon sawu da gwiwa su ne ke fara gajiya, shi ya sa wannan wasa ba ya raka mutum tsufa. Kada ya bar makaranta ko sana'ar hannu. In ya bugu a kai ya fara amai ko magagi, asibiti nan take.

Busa wuta kuwa, shawararmu ka hana shi. Ɗigon kananzir in ya sarƙe ya shiga huhu yana jawo ciwon huhu mai tsanani, wani lokaci sai bayan awoyi alamar ke bayyana. In hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiya yake. Fetur ya fi muni, tururinsa ke kamawa ya dawo fuska. Masu juya sandar wuta ma suna da ƙa'ida: kayan auduga ba na roba ba, a fili ba ƙarƙashin rumfa ba, iska a bayansu, galan ɗin mai a rufe can nesa, mutum ɗaya tsaye da jiƙaƙƙen bargo da bokitin yashi. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai.

Tambaya: Ana ɗaukar wasana a waya ana sawa a TikTok ba da izinina ba. In na je wani biki sai in tarar kowa ya san ƙarshen labarin. Daga Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo bambancin mawaƙi da mai barkwanci. Waƙa in an san ta ake cewa a maimaita, barkwanci in an san shi ya ƙone. Dokokin haƙƙin mallaka suna kare mai wasa. A Najeriya, alal misali, dokar 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta ba shi iko a kan ɗauka da yaɗa wasansa. Amma waya ɗari a ɗakin biki ba mai iya hana su.

Abin da ke hannunka shi ne mai bidiyon biki. Ka sa a yarjejeniya cewa zai ba iyali cikakken faifai, amma ba zai ɗora wasanka a intanet ba sai guntun da ka yarda. Ka raba kayanka gida biyu: na talla, waɗanda kai da kanka za ka fara sakewa, minti ɗaya ɗaya, da sunanka da lambarka a jiki, da na ajiya, waɗanda sai an biya ake ji. Wanda ya ɗora dogon wasanka yana cin kuɗi da shi, ka fara yi masa magana, in ya ƙi ka kai ƙara ta hanyar da shafin ya tanada, kana nuna naka asalin hoton. Gaɓar da ta riga ta yaɗu kuma ba lallai ka jefar ba. Ka fara ta yadda suka sani, ka bari su faɗi ƙarshen da bakinsu, sannan ka ba su wani ƙarshen da ba su taɓa ji ba. Don haka kowace gaɓa mai ƙarfi ka rubuta mata ƙarshe biyu tun ranar da ka ƙirƙire ta.